Ranar da na ci Da'ish a Gabes

Jiya abokina ɗan Tunisiya ya ce in zo mu ci Da'ish. Gabana ya faɗi, don ni a sanina Da'ish sunan ƙungiyar 'yan ta'adda ta IS ne, shi kuwa sai dariya yake. Ashe wata kaguwa ce mai shuɗin ƙafa da masuntan Gabes, wani gari a gaɓar tekun Tunisiya, suka laƙaba wa wannan suna, don tana yayyaga musu raga tana cinye kifi. Ta mashigin Suez ta biyo daga Bahar Maliya, ta bayyana musu a 2014. Yanzu tarko suke ɗana mata, har ƙasashen waje ake kai ta.

Ni da ko a mafarki ban taɓa cin kaguwa ba, sai ga ni ina fasa ɓawo da haƙori, romon tumatir har gwiwar hannu. Naman fari ne, da ɗan zaƙi, amma wahalar ciro shi ta fi shi yawa. Duk da haka sai da na nemi ƙari.