Inda na kai a shirin tattakin dogo na Dallol Bosso

Ƴan uwa abokan tattaki, ga inda atisayena ya kai tun shigowar sanyi. Niyya tana nan yadda muka ƙulla: mu bi layin dogon Yamai zuwa Dosso a ƙafa, yankin da ya ratsa Dallol Bosso wajen Birnin Gaure. Tsawon layin duka wajen kilomita 140 ne. An fara shimfiɗa shi a 2014, aka yi bikin buɗe shi a farkon 2016, da fatan wata rana ya haɗe da na Benin da ya tsaya a Paraku. Haɗewar ba ta samu ba, jirgi kuma bai shiga jigila a kai ba. Abin yana ci mini rai, shi ya sa nake son in taka shi da ƙafata. Dallol ɗin kuwa kwarin tsohon kogi ne da ya gangaro daga Azawak har ya faɗa kogin Neja, ga faɗi, ga gaɓar dutse a gefe.

Mu nan Damagaram ba mu da dogo, sai dabara. Abin da ke wahalar da mai bin layi shi ne takun. Sandunan da ke kwance ƙarƙashin ƙarfe tsakaninsu bai wuce santimita 60 ba, takun babban mutum kuwa ya fi haka. In ka taka kowace sanda, tafiyar ta zama ta hawainiya. In ka tsallake ɗaya, ta yi maka nisa, cinya ta ɗauki nauyin. Don haka na jera duwatsu a wani fili bayan Birni, tsohuwar unguwarmu ta Damagaram, na bar wannan tazara tsakaninsu, ina kai da kawowa a kai bayan sallar asuba. Da farko sha-raɓa ce ke ƙullewa tun rana ba ta fito ba. Yanzu ta saki, kuma ina iya ɗaga kai in duba gaba ba tare da ƙafa ta ɓace mini ba. Wannan ɗaga kan ya fi komai muhimmanci a wurina, don inuwar ƙarƙashin sanda da ramukan tsakuwa wurin kwanciyar kububuwa ne da kunama.

Tsakuwa ce har yanzu ban gama da ita ba. Tana mirginewa, idon sawu ya karkace. Takalmin fade ba ya yi, kowa ya nemi rufaffe mai kaurin ƙasa, ya saba da shi tun yanzu. Safa kuma a zo da biyu, ƙarangiya ba ta ƙyale kowa.

Yashi ya zo mini da sauƙi. Na bi korama ta wajen Miriya da bidon ɗin ruwa a jaka, numfashi bai tsinke ba har hantsi. Sai dai a riƙe wannan: korama tana iya kawo ruwa alhali ko ɗigo bai sauka a kanka ba, ruwan wani gari ne ya biyo hanyarsa. Shi ya sa maganar tafiya da damina ba ta taso ba, Disamba ko Janairu za mu nufa.

Batun tsaro ba na wasa ba ne. Tun harin da aka kai a Kure, kan hanyar Yamai zuwa Dosso, cikin Agustan 2020, wannan yanki ba a shigarsa kai tsaye. Sai hukuma ta yarda, mai gari ya san da zuwanmu, kuma ɗan yankin ya shige mana gaba. In ba a samu haka ba, mu dakata.

Mako mai zuwa zan ƙara nauyin jaka, in gwada saukowa daga duwatsun Birni da sanda. Masu ciwon gwiwa ku zo da naku sandunan, mu haɗu bayan asuba in Allah ya kai mu.