Na bar nama, kitsen jinina ya ƙi sauka

Kilishi na bari, tsire na bari, har man shanun da uwargida ke zuba min a tuwo na ce a daina, duk don takardar awon jini ta nuna kitse ya yi min yawa. Wanda ya san Damagaram ya san abin da ake nufi da mutum ya wuce mai kilishi bai waiwaya ba. Da na koma awo bayan wasu watanni, kitsen nan da ake kira tirigiliserid ko gezau, sai ma ɗan hawa da ya yi. Ana so ya tsaya ƙasa da giram 1.5 a lita, nawa yana can sama. Sukarin safe, wanda ake aunawa kafin a ci komai, yana tsakanin giram 1.10 da 1.26 a lita. Ban kai ga ciwon suga ba, amma saura ƙiris.

Likitar ba ta tambaye ni abin da nake ci ba. Cewa ta yi, "Malam, me kake sha daga safe zuwa dare?"

Na fara lissafi. Koko da zuma. Fura da rana, ita ma da zuma, tun da kowa ya ce min zuma ba ta da illa irin ta sukari. Lemun kwalba mai sanyi idan zafi ya yi zafi a shago. Da yamma kuma fada, shayi zagaye uku, kuma kun san yadda mai haɗawa ke juye sukari a buta ba awo. Tana jin zuma ta ajiye alƙalami.

Abin da ta gaya min shi ne har yau yake ci min rai. Sukarin da muke saya rabinsa gulukos ne, rabi furaktos. Shi furaktos hanta ce ke ɗaukar mafi yawansa, idan ya fi ƙarfinta sai ta mayar da shi kitse, wani ta tura cikin jini, wani ya zauna mata. Zuma kuwa galibinta waɗannan biyun ne, sau da yawa ma furaktos ɗin ya fi yawa. Wato ina gudun kitsen nama, hantata tana ƙera nata daga abin da nake sha da cokali. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta saka zuma da ruwan 'ya'yan itace a sahu ɗaya da sukari: kada babba ya wuce kamar giram 50 a yini, in da hali ya tsaya a 25, cokalin shayi shida ke nan. Lemu ɗaya na santilita 33 yana ɗauke da kusan giram 35. Ba na musun cewa akwai waraka a zuma, wannan a Alƙur'ani yake. Amma ba a ce a sha ta lita-lita ba, kuma mai sayarwar da ya rantse min ta fi dacewa da mai kitsen jini bai taɓa ganin takardar awona ba. Kuɗin da na zuba a kwalaben nan da ya biya min awo har na shekara mai zuwa.

Ɗan ƙanwata da ke karatun likita a jami'ar André Salifou shi ya ƙarasa min bayanin. Ya ce, "Kawu, a cikin ƙwayoyin jikinka akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa, mitokondiriya, su ke ƙona sukari da kitse da iskar da ka shaƙa su ba ka ƙarfi. Kamar murhu ne: ka cusa masa itace ya wuce kima, ba a girka komai a kai, hayaƙi zai yi ta yi." Hayaƙin nan wasu sinadarai ne da ke lahanta ƙwayar. Kitsen da ba a ƙona ba kuma sai ya taru a tsoka da hanta, su daina jin insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki, yadda ya kamata, sukari ya tsaya cikin jini. Daga nan hanyar ciwon suga da ciwon zuciya take farawa. Daɗin abin, tsokar da ake motsawa tana ƙara yawan mitokondiriyarta. Ni da nake wuni zaune a shago, in hau babur zuwa masallacin da ke bayan layi, na ji kunya.

Sauran gyaran ba wani dogon labari ba ne. Fura da nono ba zaƙi. Malmala ta ragu, miyar ganye ta ƙaru, wake da kwaɗon zogale suka shigo. Tafiya a ƙafa bayan isha'i. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna masu irin matakina da aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100. Mai wuya shi ne fada. Ka ce kofi ɗaya ya ishe ka, sai a ce ko an yi maka laifi ne. Yanzu ana zuba min nawa kafin sukari ya shiga buta, suna kirana mai ɗaci.

Awo na gaba kitsen ya sauko ƙasa da layi, alhamdulillahi, alhali na koma cin nama daidai gwargwado. Kilishin dai da taka-tsantsan, saboda gishiri da hawan jini.

In za ka yi awo, nemi a haɗa da HbA1c, awon sukarin da ya manne wa jan ƙwayar jini. Jan ƙwayar jini tana rayuwa kusan kwana 120, don haka awon yana faɗin sukarin wata biyu zuwa uku, ba ka iya ruɗinsa da ƙauracewa shayi jiya. Daga kashi 5.7 zuwa 6.4 cikin 100 gargaɗi ne, 6.5 zuwa sama ciwon suga ne. Mai sikila ko ƙarancin jini ya gaya wa likita tun farko, don lambar tana iya karkacewa. Kuma in an tambaye ka abinci, ka lissafa har abin da ke cikin kofi, da zumar.