Yadda farashin gero ya gyara mini kundin ayyukana

Lokacin da na gama bautar ƙasa, na ɗauka na shirya tsaf domin neman aiki a fannin kimiyyar bayanai, tunda na koyi harsunan kwamfuta na Python da SQL, kuma shafina na GitHub, inda masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, yana ɗauke da ayyuka biyar. Abin da ban lura da shi ba shi ne, dubban masu neman aiki sun riga sun yi irin waɗannan ayyuka, wato hasashen waɗanda suka tsira daga jirgin ruwan Titanic daga bayanai masu layi 891 na Kaggle, shafin gasar kimiyyar bayanai, da rarrabe furannin Iris guda 150. A wata ganawar neman aiki, matar da ke jagorantar tambayoyi ta buɗe shafin, ta ɗan duba, sannan ta tambaye ni wace shawara ce na yanke da kaina a cikinsu. Bakina ya mutu, domin matakan wasu kawai na bi.

Bayan wannan kunya na share huɗu daga cikinsu, na koma kan abin da na tashi ina ji a gidanmu, domin kawuna ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Na sauke bayanan farashin abinci da Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, ke wallafawa a HDX, shafin bayanan ayyukan jinƙai, na ɗora wa kaina tambaya guda: a wane wata ne gero ya fi araha, kuma nawa yake tashi kafin kaka ta gaba?

A nan na gane inda wahalar aikin take. Wani farashin na buhu ne, wani na ƙaramin awo. Wani na sari ne, wani na sayen ɗaiɗai. Wasu watanni kuma babu komai a rubuce. Na shafe kusan mako uku da pandas, manhajar sarrafa bayanai ta Python, ina mayar da komai farashin kilo ɗaya, kuma duk inda na cike giɓi ko na cire layi sai na rubuta dalilina a README, fayil ɗin da ke bayanin aikin. Alƙaluman sun tabbatar da abin da kawuna ya sani ba tare da kwamfuta ba, cewa farashi yana faɗuwa da kaka, ya hau a tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Tsarin hasashen farashi da na gina kuwa ya kauce sosai bayan rufe iyakokin Najeriya a watan Agustan 2019, ya sake kaucewa bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Na so in ɓoye wannan, amma daga baya na bar zanen kuskuren a fili tare da bayaninsa, kuma a ganina shi ne ɓangaren da ya fi daraja a aikin.

Na ɗora sakamakon a Streamlit, manhajar da ke nuna sakamako a shafin intanet, domin mai ɗaukar aiki ya gani ba sai ya karanta lambobin manhaja ba. A ganawa ta gaba babu wanda ya tambaye ni sunan wani tsari. Rabin sa'a muka yi kan watannin da babu farashi da dalilin da ya sa ban cike su da matsakaicin shekara ba.