Wankin inji da wankin ciki: abin da na gani a jinyar Baba

Hanyoyi biyu na wankin ƙoda likita ya shimfiɗa mana da ƙodojin Baba suka daina aiki, kuma duka biyun mun bi su a garin Wad Madani da ke Sudan.

Da na inji muka fara. An yi masa ɗan aiki a hannun hagu, aka haɗa jijiyoyin jini biyu don wurin ya ɗauki allura. Awa 4 yake kwanciya jini na zagaya injin. Ƙa'ida sau 3 ne a mako, amma a lokacin a Sudan yawancin cibiyoyi sau 2 suke bayarwa, don injinan ba su isa ba. Gwamnati ta ɗauke kuɗin wankin, sai dai kuɗin rakasha (babur mai ƙafa uku) da allurar ƙarin jini da yinin da ba a je kasuwa ba duk a wuyanmu suke. Tsakanin wanki da wanki ƙafafunsa kan kumbura, ruwan sha a kofin shayi ake auna masa, dabino da ayaba kuwa sai kallo, saboda sinadarin fotasiyam da ke cikinsu.

Daga baya muka koma hanya ta biyu. Wankin ciki, wanda aka fara shirinsa na ƙasa a Khartoum a 2005, a gida ake yinsa. Ana dasa siririn tiyo kusa da cibiya, a zuba lita 2 na ruwan magani, tantanin ciki ya tace dattin, a zubar a sake, sau 4 a yini. Ni aka koya wa. In rufe taga, in kashe fanka, in wanke hannu har gwiwa, in rufe baki da hanci, sannan in rataye jakar a ƙusa. Ruwan da ya fito sai in ɗora shi kan jarida: idan rubutun na karantuwa, lafiya lau, idan ya gurɓace, ƙwayar cuta ta shiga, asibiti nan take. Ranar da guguwar ƙura ta taso hankalina ba ya kwanciya.

Amma Baba ya dawo mutum. Jirin bayan inji ya tafi, ya koma rumfarsa. Wata safiya ya ce min, "Uwata, yau a sahu na yi Asuba." Ga wanda gidansa ke nesa da cibiya, kuma yana da ɗaki mai tsafta da mai kula da shi, ni wannan nake fifitawa.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya taɓa hanyoyin duka. Masu jinya daga Khartoum suka cika Madani, aka rage awannin wanki. Inji kuma yana son wuta da tataccen ruwa kimanin lita 120 a zama guda. Namu ba ya son wuta, amma ruwan magani lita 8 kullum, wato 240 a wata, ba kayan da mai gudun hijira zai ɗauka ba ne, ga shi daga waje ake shigo da shi. A Disamba, da yaƙin ya iso Madani, muka fita zuwa Gadarif da 'yan kwalayen ruwan magani, ba a jima ba suka ƙare.

Hannun hagun nan ne ya cece shi, da ikon Allah. Duk tsawon wankin ciki ban taɓa bari an auna hawan jini ko an ɗebi jini a wurin ba, kullum kuma nakan ɗora yatsa in ji yana zirr, alamar haɗin jijiyoyin yana aiki. Da muka samu gurbi a Gadarif, ba a nemi a saka masa tiyo a wuya ba, kai tsaye aka ɗora shi a inji.