Yadda "Manaja" ya koma baduku

Akwai wani littafi mai shuɗin bango a cikin durowar shagona, yaran shago duk sun san ba a taɓa shi. A ciki na jera sana'o'i bakwai da na yi niyyar shiga bayan aikin banki ya ƙare mini a 2006: kiwon kaji, kiwon kifi, gidan ruwan leda, sayar da katin waya, shagon kwamfuta, sarin hatsi a Dawanau, da buɗe makarantar kuɗi. Kowace da shafinta, da lissafinta, har da ribar da za ta shigo a shekara ta uku. Ko ɗaya ban yi ba. Ɗinkin takalmi kuwa, wanda yau shi ke riƙe da ni da iyalina da ma'aikata tara, ko layi ɗaya bai samu a littafin ba.

Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna. A watan Yulin 2004 gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Farfesa Charles Soludo, ya sanar cewa kowane banki sai ya kai jarinsa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. Namu yana cikin waɗanda aka haɗe da wasu, sai ga rassa biyu na banki ɗaya a kan titi ɗaya, suna kallon juna. Ba sai an faɗa maka ba, ka san ɗaya zai tafi. Namu ne ya tafi, aka ba ni takarda da kuɗin sallama, na kwashe 'yan komatsaina a kwali na yi gida.

Wata takwas na yi ina "nazari". Haka nake ce wa duk wanda ya tambaye ni, wai ina nazarin abin da zan sa hannu a ciki. Gaskiyar magana kuwa, in na dawo daga sallar asuba komawa barci nake yi sai hantsi ya dubi ludayi, in yi wanka, in ɗauki littafin nan in ƙara gyara lissafin kajin da ban taɓa saya ba. Da la'asar in tafi majalisa a yi ta musun siyasa har isha. Kuɗin sallama kuma suna ta zurarewa kamar ruwa a kwando. Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu in na tuna shi ne, a lokacin ban ji ina zaman banza ba. Rubutu da lissafi suna sa mutum ya ji kamar yana aiki.

Mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta, ta fara fasa ƙwan. Na je gaishe ta ina ba ta labarin gonar kifi, ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, "Ɗan nan, tun Ƙaramar Sallah nake jin 'zan yi, zan yi'. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ka fita ko da ba ka san inda za ka ba." Na ji zafin maganar, amma ban musa ba.

Fitar da na fara yi ba ta neman sana'a ba ce. Takalmina na ofis ne ya buɗe baki, wanda na saya da tsada lokacin ana ganin albashi, na ce bari in kai kasuwar Ƙofar Wambai da ke nan Kano a gyara. Dattijon da aka nuna mini ya karɓa, ya juya shi, ya sa babban yatsa ya ɗaga bakin sol ɗin, ya ce, "Fatar tamu ce, ɗinkin ne nasu." Ban gane ba. Ya yi mini bayani cewa fatun da ake jemewa a kamfanonin Challawa da Sharaɗa ana fita da su Italiya da Sifen, a ɗinka, a dawo mana da su mu saya da tsada muna alfahari. Na zauna a bencinsa ina kallo har aka kira azahar. Washegari na dawo ba tare da wani dalili ba. Rana ta uku na ce masa, "Baba, ina so in koya."

Ya dube ni sama da ƙasa, da shaddata mai guga da agogona, ya yi dariya. "Manaja, in da gaske kake, gobe ƙarfe bakwai. In ka wuce bakwai da kwata, yi zamanka a gida." Ni ban taɓa zama manaja ba, a kanta nake biyan kuɗi, amma sunan ya bi ni har yau.

Ƙarfe bakwai ɗin nan ita ta cece ni. Wata uku ban taɓa wuƙa ba. Shara nake yi, da sayo shayi, da shafa gam, da goge bayan sol da samfefa har yatsuna suka yi kanta. Yara 'yan shekara goma sha biyar su ne manyana a shagon, suna aike na ina zuwa. Wani tsohon abokin aikina ya gan ni da kwalin sol a ka ina ratsa kasuwa, ya kawar da kai kamar bai san ni ba. A dangi ma an yi surutu, wai dukanci ba gadonmu ba ne, mai digiri me ya kai shi. Sai dai a karon farko cikin wata takwas ina da wurin da ake jirana da safe, kuma da daddare in na kwanta gajiya ce ke ɗauke ni, ba tunani ba.

Ranar da Baba ya fara miƙo mini wuƙa, da wasa ta ya fara. Ya ce wanda bai iya wasa wuƙa ba bai isa ya taɓa fata ba, don dakusasshiyar wuƙa jan fata take yi, ba yanka ba. Kwana huɗu ina kan dutse. Da ya yarda da kaifin, ya shimfiɗa mini fatar akuya guda, ya ba ni kwalin zane na silifas, ya ce in fitar da ƙafa biyu. Ni da kan lissafi irin na banki, sai na jera zanen yadda ba za a yi asarar ko ɗan yatsa ba, na cusa ɗaya a gefen ciki, na yanka, na kawo ina jiran yabo. Ya ɗauki guda ya ja da hannu biyu, bai motsa ba. Ya ɗauki ɗayan ya ja, sai ga shi yana miƙewa kamar danƙo. Ya ce, "Wannan gadon baya ne, wannan kuma ciki. Wanda ya sa su, bayan wata ɗaya ƙafar dama tana nan daram, ta hagu tana faɗuwa a hanya. Kai ka yi tattalin fata, ka zubar da sunan shago." Ya sa na biya kuɗin fatar daga aljihuna. Yankakkun biyun suna nan cikin littafin shuɗi, a shafin kiwon kaji.

Daga nan na soma ganin fata da idon masu ita. Fatar gadon baya ta fi ƙarfi da tsauri, ita ake sa wa a fuskar takalmi. Ta ciki da ta hammata sakwaf suke, sai dai a yi shafi da su. Kafin in saya sai na ɗaga ta a rana in duba tabon kaska, da shaidar wuta, da inda wuƙar mai fiɗa ta zarce. Bayan Babbar Sallah fata kan yi yawa a kasuwa, amma rabi ɓatacciya ce, don ranar layya kowa mahauci ne, a yi fiɗa da gaggawa, a jefar da fatar a rana ba gishiri har ta fara wari.

Jar akuyar Sakkwato kuwa ba ta da ta biyu. Ita ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita tun zamanin da, ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka, Turawa suka sa mata suna fatar Maroko alhali daga nan take. Ƙwayar fuskarta ƙanana ce, tana da laushi, ga ƙarfi. In majemi ya jeme ta da bagaruwa yadda ya kamata, aka rina ta da karan dafi, ja ne da ba ya ihu, kuma tana ƙara kyau in tana tsufa. Da ita muke yin sau-ciki na manya. Kofa-shu da sandal na yau da kullum kuma muna amfani da jimar kamfani, don ta fi jure ruwa.

Bayan shekara ɗaya da rabi na iya aiki, amma tsohuwar cutar ta so ta dawo. Na fara cewa zan buɗe shago in na samu wuri mai kyau, in na sayi keken ɗinki na waje, in abubuwa sun daidaita. Sai ga wani da muka yi makaranta tare zai aurar da ƙaninsa, yana neman silifas ƙafa goma sha biyu iri ɗaya na abokan ango, saura kwana goma sha shida. Na buɗe baki zan ce ban shirya ba, Baba ya riga ni: "Zai yi. Kawo kafin alƙalami." Da mutumin ya tafi ya ce mini ba a bencinsa zan yi ba, in nemi inda zan yi. A zauren gidanmu na yi su, da aron keke, da fitilar ƙwai in an ɗauke wuta, uwargida tana taya ni shafa gam tana toshe hanci. Na kai su ana gobe ɗaurin aure. Mutum uku cikin abokan angon nan har yau ni nake yi musu takalmi, ɗaya ma yanzu da 'ya'yansa yake zuwa.

Tun daga ranar ban canza ƙa'ida ba. Ba ma yanka sai mun auna ƙafa biyu, don da wuya ka samu mutumin da ƙafafunsa suke daidai, kuma na fi son awon yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirga. Bakin fata sai an fiƙe shi ya yi siriri kafin a naɗe, shi ya sa namu ba ya cin dunduniya. Gam ana shafa shi fuska biyu, a bar shi ya sha iska har ya daina bin yatsa, a ɗan nuna masa wuta, sannan a haɗa a bi da guduma. Da hunturu nan da nan yake kamawa, da damina kuwa sai an yi haƙuri, kuma a nan masu gaggawa ke faɗuwa. Bayan gam kuma sai mun bi sol da ɗinki.

To, duk wannan wahala, sai mutum ya shigo ya ɗaga takalmi ya ce, "Haba Alhaji, na ga irinsa sak a bakin titi, rabin wannan kuɗin." Irinsa a ido, i. Leda ce aka buga mata zanen fata, a ciki kwali ne, a ƙasa an manna tambarin Italiya. Nakan ɗauko guntun fata da guntun leda in ɗiga musu ruwa a gabansa: fata ta shanye, leda ta bar shi yana yawo. In bai gamsu ba in kyasta ashana, leda ta narke tana warin roba. Wasu su saya, wasu su tafi, bayan sati shida su dawo da na bakin titin a leda wai in taimaka in manne. Araha dai ba ta ado.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai cewa aikin ya yi, amma in buga masa tambarin Italiya don kada a raina shi a wurin biki. Ba na yi. Sunan Kano nake bugawa, wanda bai so ba ga hanya nan. Akwai kuma masu sayen ƙafa ɗaya a wurina su kai wa wani ya kwaikwaya da leda, har da ɗaukar hoton nawa su sa a Facebook da WhatsApp suna tallar nasu.

Masu kawo kaya ma da nasu. Wani dillali ya taɓa nuna mini fatu biyar na sama masu kyau, na biya kuɗin dila guda, da aka kwance a shago na tarar na tsakiya duk huji ne. Tun daga nan ko ɗan'uwana ne sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙirgi kuma, wato jemammiyar fatar shanu, kullum ƙara wuya yake, don masu ganda sun riga majema zuwa mayanka. Ni ma ina cin ganda, ba zan yi ƙarya ba, amma duk lomar da na kai sai na tuna wani sol ne ya tafi.

Yanzu mutane kan zo mini da irin halin da na shiga: wanda aka sallama daga aiki, wanda ya yi ritaya da sauran ƙarfinsa, wanda ya gama bautar ƙasa ya gaji da yawo da takardu. Kusan kowa da irin littafina yake zuwa, sai dai nasu a waya yake. Su tambayi nawa ne jari, nawa ne riba. Ba na amsa wannan a ranar farko. Nakan nuna musu tsintsiya da gwangwanin gam in ce gobe ƙarfe bakwai. Mafi yawa ba na sake ganinsu. Wanda ke yi mana yanka yanzu tsohon malamin firamare ne, ya zo yana da shekara arba'in da shida, ya iso bakwai saura, ya tarar ban buɗe ba ya tsaya yana jira. Shi ma sai da ya ɓata fatarsa ta farko, shi ma ya biya.

Baba ya rasu shekarun baya, wuƙarsa tana hannuna, 'ya'yansa ne suka kawo mini. Ba na yanka da ita sai aikin ango.

Masu son takalmin Sallah kuma, don Allah a kawo ƙafa a auna kafin goma ga azumi. Bara mun mayar da mutane da yawa a goman ƙarshe, har da surukina, kuma har yanzu bai gama huce ba.