Diyyar Baba tana da ranar ƙarewa

A ofishin ma'aikata nake aiki, a wata masana'antar roba da ke Sharaɗa, a Kano. Ni ce mai riƙe da fayil-fayil: wanda aka ɗauka aiki, wanda ya tafi hutu, wanda za a cire wa kuɗin fansho, wanda inji ya ji wa rauni. Na shekara huɗu a kan kujerar nan kafin in taɓa buɗe ledar takardun mahaifina, wadda Umma take ajiyewa a ƙasan akwatinta.

Baba ya yi aiki a wata masana'antar jima a Challawa. Yana da shekara 48 injin matse fata ya kama masa hannun dama. An yi masa aiki a asibitin ƙashi na Dala, Allah Ya saka wa likitocin da alheri, amma hannun bai sake riƙe komai ba, kafaɗar ma ta yi sanyi. Kamfaninsu yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikata ga hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, kamar yadda dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanada, kuma sun kai rahoto a kan kari. Aka fara biyansa diyya duk wata. Mu 'ya'yansa biyar muka yi hamdala, muka laƙaba wa kuɗin suna "fanshon Baba". Sunan nan shi ya sa muka miƙe ƙafa, don kowa ya san fansho sai mutuwa ke raba shi da mai shi.

Wani matashi ne a wurin aikinmu inji ya datse wa yatsu, manaja ya ce in haɗa masa takardu. Don kada in yi masa kuskure na zauna na karanta dokar daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba. Na ga ma'aikaci yana da kwana 14 ya sanar da kamfani raunin da ya samu, kamfani yana da kwana 7 ya sanar da hukuma, neman diyyar kuma a yi shi cikin shekara guda. Na ga wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa, wanda nakasarsa ba ta kai haka ba ana lissafa masa gwargwadon abin da ya rasa. Sai na iso inda aka yi maganar tsawon lokacin biya. Wanda ya ji rauni bai kai 55 ba, ana biyansa ne har ya cika 55, ko har zuwa shekarar da hukuma ta gamsu cewa ita ce zai yi ritaya da bai ji raunin ba. Na maimaita wurin sau uku. A lokacin Baba yana da 52.

Da na natsu sai na ga dokar ba ta ɓoye komai ba. Diyya tana maye gurbin albashin da rauni ya hana mutum samu, albashi kuwa dama yana tsayawa ranar ritaya, daga nan fansho ya karɓa. Mu ne muka haɗa abu biyu muka ba su suna ɗaya. Fanshon Baba na gaskiya yana can a asusunsa na kamfanin fansho, kuma tun ranar da albashi ya tsaya babu wanda ya ƙara zuba masa ko kwabo. Ma'aikacin da ke kan aiki ana cire masa kashi 8, kamfani ya ƙara kashi 10, bisa dokar fansho ta 2014. Baba ya rasa wannan zubin na shekarun da ya kamata su zama mafi tsoka a aikinsa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yadda zan faɗa masa. A gidanmu 'ya ba ta zama gaban uba ta tambaye shi nawa yake da shi. Ga shi tun bayan raunin Baba ya zama mai saurin jin an raina shi, ko ruwan alwala ba ya so a riga shi ɗauka. Umma na fara samu a madafa. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Kada ki je masa da lissafi. Ki je masa da neman shawara." Haka na yi. Bayan la'asar na zauna a gefen tabarmarsa na ce, "Baba, wani abu na gani a wurin aiki da ya ɗaure min kai, na ce bari in kawo maka ka duba min." Na karanta masa wurin, na fassara. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Wato saura shekara uku ke nan." Na ce haka ne, Baba, sai dai in hukuma ta yarda cewa a 60 za ka yi ritaya. Ya ce wa Umma ta ɗauko ledar.

A ledar muka tarar da matsala ta biyu. Shekarar haihuwarsa a katin ɗan ƙasa daban, a fayil ɗin kamfani daban, a rajistar kamfanin fansho kuma an rubuta sunan kakanmu da wani harafi na dabam. Irin wannan ina ganinsa kullum a ofis, ina yi wa mutane faɗa a kai. Ga mai lafiya ƙaramin abu ne. Ga wanda biyansa ya rataya a kan ranar da zai cika 55, shekara guda ta saɓani albashin wata goma sha biyu ce. Sai da muka yi watanni muna daidaita takardun, har da sabunta bayanan da hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta wajabta wa duk wanda ya yi rajista kafin Yulin 2019. Na kuma karɓo wasiƙa daga tsohon kamfaninsa mai nuna cewa ma'aikatansu a 60 suke ritaya, muka miƙa. Amma lissafin gida a kan 55 na gina shi, abin da ya ƙaru a kai riba ce.

Rigima ta taso ne a kan kuɗin asusun. Doka ta yarda wanda ya kai 50 kuma ya bar aiki ya fara cin fanshonsa, wanda likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba kuma yana iya farawa tun kafin nan. Da Yaya ya ji haka sai ya ce a ciro duk abin da za a iya cirowa a dunƙule, a sayi Adaidaita Sahu, a ba wani yaro yana kawo balas kullum. Ban ga laifinsa ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗi a ajiye narkewa suke yi, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, kuma diyyar da aka lissafa a kan tsohon albashi ta daina kai mu inda take kai mu a da. Yaya yana ganin gara kuɗin su yi aiki. Ni kuma abin da na gani a ofis ya tsorata ni. Na sha ganin dattijo ya karɓi haƙƙinsa a dunƙule, ya sa a abin hawa ko shago, shekara biyu ya dawo yana neman aikin gadi. Galibi ba cin amana ba ne. Inji ne ya buga, ko haɗari, ko bikin 'ya ya zo aka taɓa jari. Mai hannu biyu in ya faɗi yana iya komawa ɗaukar kaya a kasuwa. Baba ba shi da wannan komawar.

Na ce masa, "Yaya, in babur ne mu haɗa kuɗinmu mu saya, in ya lalace mu muka yi asara. Na Baba a bar shi inda ba za a iya taɓa shi rana ɗaya ba." Mun ɗauki makonni ba mu daidaita ba, sai da Kawu ya zaunar da mu. Aka tsaya a kan ba za a taɓa asusun ba muddin diyya tana shigowa, ya ci gaba da haɓaka, ranar da ta tsaya a fara karɓa wata-wata. Tsari biyu ne a nan. Ko kamfanin fansho ya riƙa gutsuro maka daga asusunka, abin da ya rage bayan rai ya zama gado, ko ka miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya biya ka iya tsawon rayuwa. Baba ya zaɓi na farko saboda Umma da autarmu. Abu ɗaya ya dame shi, wato kuɗin ruwa. Da na gaya masa tun 2021 akwai wani rukunin asusun fansho, na shida, da ake juya kuɗinsa ba tare da riba ta haram ba, ya ce a mai da nasa can, kuma daga ranar ya daina kallon maganar a matsayin abin da muka ƙaƙaba masa.

Duk wannan lissafin, ban sa Umma a ciki ba, kuma wannan ne kuskuren da ya fi yi min ciwo. Sunan Baba ne a kan kowace takarda, shi ya sa hankalinmu ya tafi gare shi. Umma kuwa kafin raunin tana ɗinki, keke biyu gare ta da yara masu koyo. Ta rage aikin don ta riƙa yi masa wanka, ta ɗaura masa maɓalli, ta raka shi gashin ƙashi. Raunin mutum ɗaya ya cinye sana'ar mutum biyu, amma ɗaya kaɗai ake biya. Ba ta da asusu, ba ta da giratuti, ga hawan jini ya kama ta. Wata rana na tarar tana raba ƙwayar maganinta biyu don ya kai ta ƙarshen wata, ba ta gaya wa kowa ba. Na fita tsakar gida na yi kuka.

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar hannu a Maris ɗin 2019, wanda tela ko mai ƙosai za ta iya zuba abin da ta samu, a bar mata wani kaso da za ta iya cira in buƙata ta taso, sauran ya jira tsufa. Na buɗe mata. Na san an makara, abin da zai taru ba zai yi yawa ba, amma nata ne, da sunanta. Mun yi musu rajista su biyu a tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar Kano, don magani shi ne ramin da ya fi cinye kuɗin gidan. Muka canza masai zuwa na zama, aka kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. Mu biyar kuma muka yanka wa kanmu abin da kowa zai riƙa turawa duk wata gwargwadon ƙarfinsa, kashi biyu: ɗaya na cefane, ɗaya kai tsaye asusun Umma, ba ya bi ta hannun kowa. Ƙanwata da ke aure a Zariya ba ta da albashi, ita ta ɗauki zuwa mako guda duk bayan wata biyu don Umma ta huta, kuma mun rubuta wannan a takardar a matsayin nata kason.

A ofis yanzu, duk wanda na haɗa wa takardun diyya sai na zaunar da shi na nuna masa wurin nan na 55 da yatsa, in ce ya zo da matarsa ko babban ɗansa a sake karantawa tare. Matashin da ya rasa yatsunsa ya zo da mahaifiyarsa. Shekararsa 26, tana ganin 55 kamar wata duniya ce mai nisa, sai da na lissafa mata shekarun Baba.

Baba ya cika 54 a watan jiya. Amsar wasiƙar 60 muna jiranta. Ya sa na manna masa takarda a bayan ƙofar ɗakinsa mai layi goma sha biyu, duk ranar da alat ya shigo yana soke ɗaya da hannun hagu.