Waɗanda Ban Tambaya Ba

Har yau idan na ga ɗalibi tsaye a bakin laburare yana raba takardar tambayoyi, sai in ji kamar in je in ja shi gefe. Wata uku na yi asara a irin wannan ƙofar.

A shekarar ƙarshe ta digirina na ilimin zamantakewa, na ɗauki bincike kan ɗaliban da ke haɗa karatu da neman kuɗi, ko neman yana ja musu baya a karatun. Babi na ɗaya da na biyu ba su ba ni wahala ba. Na jero manyan masanan fannin, Durkheim da Weber, yadda kowa ke jerowa, na sako Ibn Khaldun da batun asabiyya don a san na yi karatu, aka sa hannu. A babi na uku na kwafsa, wajen zaɓen waɗanda za a tambaya, kuma ko a jikina ban ji ba.

Takarda 240 na buga. Na kafa kujera a bakin laburare tun safe har la'asar, duk wanda ya fito in tare shi, ragowar kuma na bi 'yan zauren WhatsApp na ajinmu da su. Cikin sati biyu na gama, abokaina ko rabi ba su kai ba, ina ta yi musu dariya. Dare huɗu na yi ina shigar da amsoshi cikin SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, sakamako ya fito fes: neman kuɗi ba ya taɓa karatu, masu neman ma sun ɗan ɗara sauran a maki. Wallahi har na fara tunanin mujallar da za ta buga mini.

Malamin da ke duba aikina shafi biyu kawai ya karanta, ya zare tabarau.

"A ina ka samo mutanen nan?"

"A laburare, Malam."

"Da ƙarfe nawa?"

Na faɗa masa.

"To, wanda neman kuɗi ya hana shi karatu, me zai kai shi laburare da hantsi? Wanda kuma ya gaji ya ajiye karatun gaba ɗaya, yana cikin zauren ajinku?"

Bakina ya mutu. Ashe waɗanda suka tsira kaɗai na tara, na tambaye su ko ruwa yana cin mutum.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan darasin. A aji biyu aka ba mu labarin mujallar Literary Digest ta Amurka, wadda a zaɓen shugaban ƙasa na 1936 ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, aka dawo mata da sama da miliyan 2, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt. Sunayen kuwa galibi daga littafin lambobin tarho da rajistar motoci ta kwaso su, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, sannan waɗanda suka ga dama ne kaɗai suka amsa. Roosevelt ya cinye jiha 46 cikin 48. Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, da mutum kusan dubu 50 kacal, ya faɗi wanda zai ci daidai. Na rubuta duk wannan a jarrabawa, na ci maki mai kyau, sannan na je na maimaita shi da hannuna a bakin laburare.

Dole na koma farko. Na nemi izini aka ba ni jerin sunayen ɗaliban da suka yi rajista, na zaɓi mutane ta ƙuri'a, na shiga binsu ɗaya bayan ɗaya. Nan na san bincike. Wani sai kira na biyar zai ɗauka. Waɗanda suka bar karatu kuwa ba sa cikin kowane jeri, sai dai wannan ya haɗa ni da wancan, wancan ya ba ni lambar wani. Akwai wanda ke aikin dare, muna cikin hira da rana ya jingina kai da bango, kafin in gama karanto tambaya ta bakwai barci ya kwashe shi. Na zauna riƙe da biro ina kallonsa, babu gurbin da zan rubuta wannan amsar a takardata.

A zagaye na biyun ne ma na gano tambayata ta farko ita kanta gurguwa ce. "Kana aiki?" na rubuta, mutane da yawa suka ce a'a, don a wurinsu aiki shi ne na albashi, abin da suke yi sana'a ce ko buga-buga. Da na gwada takardar a kan mutum goma kafin in buga 240, da tun ranar farko na kama wannan. Duk mai shirin fita tattara bayanai, don Allah ya gwada tukuna, kuma ya zauna ya lissafo waɗanda ba za su taɓa bi ta inda ya tsaya ba.

Sakamakon na biyu bai yi kyan gani kamar na farko ba: 'yan awoyi kaɗan ba su cutar da kowa ba, aikin dare mai tsawo ne ke karya mutum. Lokacin miƙa kundi ya wuce ni, sai tare da 'yan baya na kare nawa. Takardun nan 240 suna nan cikin kwali a ƙarƙashin gadona, na kasa ƙona su, ban kuma sake buɗe su ba.